Me ya sa gashin alpaka na shekara 1000 da ta wuce ya fi na yau laushi?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Akwai abin da ya tsaya min a rai game da dabbar nan alpaka ta ƙasar Peru wadda ake kiwo saboda gashinta. A wani wuri da ake kira El Yaral a kudancin ƙasar an tono gawarwakin alpaka da na 'yar uwarta lama da suka bushe cikin ƙasa, sun yi shekara 900 zuwa 1000 a binne, wata masaniya mai suna Jane Wheeler ta auna gashinsu sai ta samu wasu kaurin silin bai cika maikron 18 ba, wasu kuma 23 da ɗoriya, kuma gashin jikin kowace alpaka kusan kai ɗaya ne babu mai kauri sosai a cakuɗe. Yau kuma ga jami'o'i ga na'urori ga kamfanoni amma yawancin garkunan ƙauyukan Peru ba su kai nan ba. To ta yaya mutanen da ba su da na'urar awo suka fi na yanzu iya zaɓen iri? Ko wani abu ne ya lalace a hanya?

Hajiya Mai Saƙa:
Wa alaikumus salam. Kafin ku yi nisa dan Allah a min bayanin maikron ɗin nan. Ni dai na san zaren alpaka a hannu, wani idan kin saƙa hular jariri da shi ba ya ko motsi, wani kuma da kin ɗora a wuya sai ƙaiƙayi, kuma duka a takardarsu an rubuta alpaka.

Likitan Garke:
Hajiya ki ɗauki milimita ɗaya ki raba ta gida 1000, kashi ɗaya shi ne maikron, da shi ake auna kaurin silin gashi. Gashin kan mutum yakan haura 50. Ƙaiƙayin da kike ji daga silin da ya wuce 30 yake zuwa, saboda shi idan ya taɓa fata ba ya lanƙwasa sai ya tsaya ya soke ta, siririn kuwa kwanciya yake yi. A Peru ajin da suke kira bebi shi ne wanda bai wuce 23 ba, daga nan ajin yana sauka har zuwa wanda ya haura 31 da rabi, wannan sai dai bargo da darduma. Abin lura kuma, zare biyu za su iya zama 24 a matsakaicin awo amma ɗaya yana ɗauke da miyagun silaye masu kauri a ciki, to shi ne zai dame ki. Shi ya sa mai zaɓen iri na gaske ba ya tsayawa kan lamba ɗaya, sai ya duba yaya tazarar take tsakanin siririn da kakkauran.

Alhaji Mai Raƙuma:
Dakta an ce min dabbar nan 'yar uwar raƙumi ce, haka ne?

Likitan Garke:
Haka ne ranku ya daɗe, dangi ɗaya ne, sai dai ba ta da tozo kuma ba ta kai rabin rabin raƙumi ba. Su huɗu ne a can, lama da alpaka na gida, gwanako da bikunya na daji. Binciken ƙwayar halitta da aka fitar a 2001 ya nuna asalin alpaka daga bikunya take, ita kuwa bikunya gashinta wajen maikron 12 ne, yana cikin mafi laushi a duniya. Har wajen barbara irin ta raƙumanku ce, macen durƙusawa take yi, kuma ba ta sakin ƙwai sai namiji ya hau ta.

Alhaji Mai Raƙuma:
Ikon Allah. To lallai na san halinsu tun ban gan su ba.

Ummin Abba:
Baban Sadiq amsar tambayarka tana cikin tarihi. Sifaniyawa sun ci daular Inka mai mulkin yankin Peru daga 1532, cikin kusan ƙarni ɗaya masana sun ƙiyasta har kashi 90 cikin 100 na garkunan sun ƙare, mutanen ma cututtuka da aikin dole suka cinye su. Turawan suka kawo tumaki da shanu suka mamaye makiyaya mai kyau, masu alpaka aka tura su can ƙololuwar tsaunuka sama da mita 4000 inda ba abin da ke fitowa sai busasshiyar ciyawa. A zamanin Inka akwai jami'ai na musamman masu kula da garken sarki da na wuraren bauta, ana ware dabbobi bisa launi, ana riƙe lissafinsu da igiyoyi masu ƙulli. Duk wannan ya rushe. Da tsari ya tafi sai alpaka da lama suka riƙa kwana wuri ɗaya suna barbarar juna, kuma abin da suka haifa shi ma yana haihuwa, ba kamar alfadari ba, sai jinin lama mai gashi kakkaura ya bazu. Ilimin shekaru dubbai ne ya zube cikin ɗan lokaci.

Auwal Kanti:
Ni fa ban gamsu da wannan kwatancin ba. Dabbobin El Yaral ɗin nan ai hadaya aka yi da su aka binne, kuma ba su da yawa, ashirin da wani abu ne. Wa zai kai ramammiyar dabba mai mugun gashi wurin bauta? Na gani na faɗa aka zaɓa. Sai ku ɗauki zakarun wancan zamani ku gwada da gama-garin na yau ku ce an ci baya? A gwada su da zakarun yau mana, akwai alpaka a gonakin zamani da ke ba da 16 da 17.

Ummin Abba:
Yaya Auwal wannan magana ce mai ƙarfi kuma ba za a ce duk garken da haka yake ba. Amma ko da zaɓaɓɓu ne sun nuna mutanen sun iya fitar da irin wannan gashin da gangan, har da lama mai laushin gashi a cikinsu wadda yau da wuya ka ga irinta. Ga kuma tufafin da aka tono a tsofaffin kaburbura irin na Parakas da ke gaɓar tekun Peru, zaren da ke jikinsu ba a kaɗa shi daga mugun gashi ba.

Ɗan Maraɗi:
Ku yi haƙuri ni ina ganin kun tsaya a shekara 500 da ta wuce alhali babbar matsalar tana nan a kasuwa yau. Makiyayin Puno ko Kusko, yankunan kiwon alpaka a tsaunukan Peru, idan ya yi aski dillali ne ke zuwa da sikeli, a laba ake saye, kuma shekara da shekaru a dunƙule ake saye ba ruwan dillali da wannan mai laushi ne wannan mai kauri ne, farashi ɗaya. To gashi kakkaura ya fi nauyi a sikeli. Yanzu kai ne makiyayin, kana da maza biyu, ɗaya gashinsa kamar siliki amma ba nauyi, ɗaya kakkaura amma yana cika buhu, kuɗin makarantar yara na jiranka, wanne za ka bari ya hau matan? Wallahi mutumin nan zaɓen iri yake yi, kuma daidai yake yi da lissafinsa, kasuwa ce ta ce masa ya zaɓi kauri. Sai an kai gashin birnin Arekipa inda manyan masana'antun suke irin Michell da Inca Tops, a can ne mata gwanaye ke zama suna rarrabe shi da hannu aji aji, ribar laushin a can take fitowa, shi wanda ya sha ɗarin tsauni bai gan ta ba. Idan ana maganar nan sai ka ji ana cewa makiyaya ba su waye ba a je a wayar musu da kai, abin yana ɓata min rai gaskiya.

Baban Sadiq:
Malam wannan ta shige ni. Kenan ko an ba shi namiji mai kyau kyauta ba lallai ya riƙe shi ba.

Ɗan Maraɗi:
Zai riƙe shi ranar da dillali ya fara biyan laushi da kuɗi daban. Inda makiyaya suka haɗa ƙungiya suka tara gashinsu wuri ɗaya aka rarrabe shi kafin a sayar, nan ne ake ganin sun fara damuwa da wane namiji ke cikin garke.

Likitan Garke:
Na yarda da kai kan kasuwa amma kar mu ɗora mata komai, ita kanta dabbar tana da nawa wajen gyaruwa. Cikinta wata 11 da rabi ne, ɗa ɗaya take haifa, tagwaye sai a daɗe ba a gani ba. Namiji sai ya kai wajen shekara 3 kafin a dogara da shi a barbara, a jira kusan shekara a haihu, a ƙara shekara kafin a yi wa 'ya'yan askin farko a auna. Kenan kafin ka tabbatar namijin nan yana gadar da abin da ka gani a jikinsa an doshi shekara 5. Mai kaji a wannan tsawon ya juya iri sau nawa? Sannan a garkunan ƙauye ba kowace mace ke haihuwa duk shekara ba, ga sanyi da ciwon hanji suna kashe jarirai da yawa, to mutumin da da ƙyar yake maye gurbin waɗanda suka mutu ba shi da sukunin cewa wannan macen gashinta bai yi ba bari in fitar da ita. Shi ya sa kusan duk gyaran ta wajen maza yake zuwa, a dandaƙe marasa kyau a bar nagari. Abin daɗin shi ne kaurin sili yana bin jini sosai, idan aka dage ana ganin canji. Ɗura maniyyi da hannu kuma da ya sauƙaƙa aikin shanu a nan yana ba da wahala saboda maniyyin alpaka yana da yauƙi da kauri, shi ya sa masu hali irin na Ostireliya suka fi karkata ga dashen ɗan tayi, a ciro daga mace ta gari a sa wa wata ta raina.

Hajiya Mai Saƙa:
Toh ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya maganar launi ne. An ce dabbar nan tana da launi 22 na halitta, daga fari zuwa ruwan ƙasa zuwa toka zuwa baƙi ƙirin, amma duk hoton garken Peru da na gani fari ne fat. Ina sauran suka tafi?

Ummin Abba:
Masana'anta ce ta kore su Hajiya. Tun da wani ɗan Ingila Titus Salt ya gano yadda zai saƙa gashin a injin a Bradford wajen 1836 kasuwar waje ta buɗe, daga baya masu saye suka fi son fari saboda shi ne ke karɓar kowane rini, aka riƙa biyansa da tsada, makiyaya suka riƙa yanka masu launi suna barin farare. Yanzu mafi yawan garken ƙasar fari ne, baƙi na ainihi ya yi ƙaranci har kamfanonin sun dawo suna nemansa saboda masu saye a Turai suna son kayan da ba a rina ba.

Auwal Kanti:
To mene ne laifin? Abin da kasuwa ke so aka ba ta. Kuma ku faɗi gaskiya farin ya fi sauran laushi a yanzu.

Ummin Abba:
Ya fi laushi ne saboda shi aka yi ta zaɓa shekara da shekaru, da an ba baƙin irin wannan kulawa da shi ma ya gyaru. Laifin kuma shi ne idan ka share wani launi daga garke ba launin kaɗai ya tafi ba, duk abin da waɗannan dabbobi ke ɗauke da shi a jini ya bi su, wataƙila har da juriyar wata cuta da ba a san darajarta ba tukun. Ga misali ma da ake gani, farar alpaka mai shuɗin ido sau da yawa kurma ce.

Alhaji Mai Raƙuma:
Yarinyar nan ta faɗi abin da nake so in faɗa. Ni tsorona da masu bin lamba kenan. Dabbar da ke kwana a fili a kan tsauni ƙanƙara na zuba, gashin nan rigarta ce kafin ya zama kuɗin kowa. Idan kuka yi ta sirantar da shi kuna rage nauyinsa, jikinta kuma ya ƙanƙance, ran da sanyi mai tsanani ya sauko wa zai biya makiyayi gawarwakin? Dabba sai ta rayu ta haihu tukun ake maganar kyan gashinta. A duba ƙafa a duba haƙori a duba ko uwa tana da nono, sannan a zo kan maikron.

Likitan Garke:
Gaskiya ne Alhaji, kuma akwai wani tarko ma da ya shafi wannan. Dabbar da ke fama da yunwa gashinta sirancewa yake yi, ka auna ka ga lamba mai kyau ka ɗauka jini ne alhali wahala ce, kuma irin wannan silin tsinkewa yake yi a injin. Ka kai ta inda ciyawa ta wadata ta yi ƙiba sai kaurin ya haura. Haka shekaru, kusan kowace alpaka askinta na farko mai laushi ne, tana girma yana kauri, wasu a hankali wasu da gudu. Don haka takardar awon ɗan shekara ɗaya ba ta gaya maka komai sosai ba. Namijin da ya kai shekara 6 yana cin abinci ya ƙoshi kuma har yanzu gashinsa na cikin ajin bebi, wannan shi ne dukiya.

Baban Sadiq:
Akwai wanda ya taɓa yin aikin nan ya yi nasara kuwa, ko duk a takarda ne?

Ummin Abba:
Akwai. Wanda aka fi ambata shi ne Julio Barreda mai gonar Accoyo kusa da garin Makusani a yankin Puno, ya yi shekaru sama da 50 yana abu ɗaya, ya kewaye makiyayarsa, ya raba maza da mata ba a barbara sai wadda ya tsara, duk wadda ba ta kai ba ya fitar da ita ko da tana da kyau a ido. Har yau a Amurka da Ostireliya idan aka ce dabba jinin Accoyo ce farashinta daban ne. Kuma ya yi wannan ne a ƙasar da aka yi ta rikici, gyaran mallakar filaye na 1969 zamanin Janar Velasco ya wargaza manyan gonaki, daga baya 'yan tawayen Shining Path suka addabi yankunan kiwo a shekarun 1980. Na zamani kuma akwai gonar Pacomarca ta rukunin kamfanonin Inca a Puno, su kowace dabba da lambarta, an san uwarta an san ubanta, duk aski ana yankar samfur daga tsakiyar haƙarƙari a auna a shigar kwamfuta, daga nan a lissafa abin da kowane namiji zai iya gadarwa ta hanyar duba 'ya'yansa da danginsa ba shi kaɗai ba. Sun kuma mai da hankali kan silin nan mai rami a tsakiya, wanda shi ne ya fi tauri da sukar fata kuma ba ya shan rini daidai, suna zaɓen waɗanda ba su da shi da yawa.

Ɗan Maraɗi:
Kin ambaci Amurka, to nan ma akwai ciwo. Da aka buɗe fitar da su waje a shekarun 1990 masu dala suka zo suka tsince na kirki, makiyayi ya karɓi kuɗin da bai taɓa gani ba, garkensa kuma ya rasa uba. Irin abin da muke yi da raguna ne lokacin Layya, wanda ya fi girma da kyau shi ake kaiwa kasuwa a yanka, wanda ba mai so shi ake bari yana hawan tumaki, sannan a zo ana mamakin me ya sa iri ke ƙanƙancewa.

Auwal Kanti:
Amma a Amurkan ma ai ba gashi suka je yi ba, caca suka yi. Sun rufe rajistar shigo da sababbi a 1998 farashi ya haukace, an sayar da namiji ɗaya dala 675,000 a 2010, kowa na saye don ya sayar wa na bayansa, gashin da dabbar ke bayarwa a shekara ko kuɗin abincinta ba ya biya. Da abin ya fashe mutane suka rasa inda za su kai su. Ni shi ya sa idan na ji ana zuzuta jinin wane jinin wane nake tambaya, kilo nawa take bayarwa, nawa ake sayen kilon?

Likitan Garke:
Tambayar da ta dace kenan Auwal. Sau ɗaya ake aski a shekara, mai kyau ta ba da kilo 3 ko sama, ta ƙauye sau da yawa ba ta kai nan ba. Gwanintar ita ce a samu laushi ba tare da an rasa nauyi ba, hanyar kuwa ita ce cikar gashi, wato yawan silin da ke tsirowa a kowane ɗan fili na fata, da tsawonsa. Siriri amma cunkus. Wannan ya fi wuyar samu fiye da sirantaka zalla.

Hajiya Mai Saƙa:
Na ga wasu gashinsu a tsaye kamar auduga wasu kuma yana zubowa kamar kitso, duk iri ɗaya ne?

Likitan Garke:
Kala biyu ne Hajiya. Mai kama da auduga ita ce wakaya, ita ce mafi yawa nesa ba kusa ba, silinta yana da 'yar lanƙwasa shi ya sa ya fi daɗin saƙar hannu irin taki, yana ɗan miƙewa ya koma. Mai zubowa ita ce suri, tana da sheƙi da santsi, an fi kai ta wajen yadin kwat. Ba a auna su da ma'auni ɗaya a wajen zaɓe, a suri sheƙin nan ana ba shi muhimmanci sosai.

Baban Sadiq:
Wani ya tambaye ni ta bayan fage ko za a iya kiwonta a wajenmu.

Likitan Garke:
Ban ba da shawara ba. Dabbar tsauni mai sanyi ce, zafi yana galabaitar da ita har ya kashe, yana kuma rage wa maza ƙarfin haihuwa. Akwai su a Afirka ta Kudu amma yanayin can daban ne.

Ɗan Maraɗi:
Dakta bari in mayar da kai kan maza biyun nan nawa tunda kai ka ce kar a ɗora wa kasuwa komai. Ka zama makiyayin Puno, dillalinka har yanzu a dunƙule yake saye, ba ƙungiya a ƙauyenku, wanne za ka bari?

Likitan Garke:
Ba zan ɓoye maka ba, idan babu mai biyan laushi mai nauyin zan bari, sai dai zan buɗe gashinsa a haƙarƙari da cinya da ƙirji in duba, idan miyagun silayen nan masu tsini sun yi yawa ko kunnensa ya yi tsawo ya lanƙwashe irin na lama to ba zai hau min mace ba ko nawa yake cika buhu, in nemi wani mai nauyin da ya fi shi tsabta ko da musaya zan yi da wani ƙauye mai nisa, don jinin ma ya sabunta. Mai laushin kuma ba zan dandaƙe shi ba, zan ware masa mata biyar ko shida mafi kyau in ɗaura musu zare a kunne in riƙa bin 'ya'yansu.

Ɗan Maraɗi:
To wa zai ciyar da namiji na biyun a watannin rani da ciyawa ke ƙarewa? A nan fa yawancinsu suke sayar da shi.